Ɗaurin da Yaya Sule Ya Bari

Ina riƙe da ƙafar wani tela lokacin da labarin ya zo. Bayan azahar ne. Telan yana kwance ruf da ciki a kan tabarma, na shafa masa man kaɗe a sharaɓa, na fara murzawa daga ƙasa zuwa sama. Sai Bukari mai shayi, maƙwabcinmu, ya tsaya a bakin zaure bai yi sallama ba.

Ya ce, "Idi, fito waje."

Na ce masa hannuna da mai.

Ya ce, "To, sai haƙuri. Malam Sule ya faɗi a unguwar Dasasgo, a gidan da ya je duba mai karaya. Kafin a kai shi likita Allah ya karɓi abinsa."

Na yi innalillahi. Telan ya yunƙura zai tashi, na danne shi. Tsokar da aka ɗumama aka fara warwarewa ba a barinta rabi. In an bar ta, takan koma ta ɗaure fiye da yadda ta zo. Na gama, na naɗe masa ƙafar, na wanke hannu, sannan na nemi takalmina.

Sule yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare muka yi aikin ɗori a zauren nan na Zongo tun ba mu da gemu. A zaman makoki wasu daga cikinku, samarin unguwa, kun kewaye ni kuna ba ni baki. Ɗayanku ya ce, "Tonton Idi, kada ka damu, za mu riƙa taya ka. Ai tausa ce da naɗi, c'est facile, ba wuya, a waya ma ana nunawa." Na san da kyakkyawar zuciya ya faɗa, shi ya sa ban amsa ba a ranar. Yanzu zan amsa, kuma da ƙafa ɗaya zan amsa: ƙafar hagu ta Hima direba, wadda Yaya ya ɗaure da hannunsa, ya rasu bai kwance ba. Da ita Hima ke taka ambireyaj, wato kulocin babbar mota. In ta warke zai koma kan sitiyari. In ba ta warke ba, ya bar tuƙi ke nan, da mata da 'ya'ya huɗu a ɗakin haya.

Ranar farko da Baba ya sa mu a aiki, kwatar mahauta ya kai mu. Baba Bagobiri ne, daga wajen Tsibiri ya biyo fataken shanu ya sauka a Wagadugu bai koma ba. Ya tsayar da mu gaban wani sa da aka feɗe aka rataye, ya ce mu duba me ke riƙe da shi. Ƙugiya biyu ne, kowace an soka ta ta bayan wata farar jijiya mai kauri a ƙafar baya. Sa guda, da duk nauyinsa, a kan jijiya biyu. Ya ce, "Wannan ita ce agara. Ku shafa bayan dunduniyarku." Muka shafa, muka ji tamu. Daga nan ya sayi ƙwaurin sa ɗaya, muka zo gida, ya yi ta buɗe shi da wuƙa yana bin jijiyar zuwa sama har inda ta bazu ta shige cikin nama. Innarmu ta jira ta gaji. Sai bayan la'asar aka ba ta ta sa a tukunya.

Abin da kuke kira sharaɓa, wannan tudun nama da ke bayan ƙwauri, ba tsoka ɗaya ba ce. Biyu ne, ɗaya kwance a kan ɗaya. Ta sama, wadda ake gani in mutum ya ɗaga dunduniya, kai biyu gare ta, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, Baba yana kiranta tagwaye. Kawunan nan sun haye bayan gwiwa sun kama ƙashin cinya. Ita ce ta tsalle da gudu da hawan tudu, kuma ƙarfinta yana fitowa ne in gwiwa tana miƙe. Ta ƙarƙashinta faffaɗa ce, shimfiɗe take a bayan ƙasusuwan ƙwauri, ba ta haye gwiwa ba. Baba yana ce mata shimfiɗa. Ba a ganinta, ba ta da kyan da za a nuna, amma ita ke aiki wuni guda. Mutum in yana tsaye, nauyinsa kullum gaba yake rinjaya kaɗan. Shimfiɗa ce ke janyo shi baya a hankali ba tare da ya sani ba. Da za ta saki, da mai tsayuwar salla ya kifa a kan fuskarsa. Su biyun sun gangaro sun haɗu a agara ɗaya, agarar ta kama ƙashin dunduniya. In sun ja, dunduniya ta tashi, yatsu su danna ƙasa, mutum ya yi gaba. Tafiya ke nan. Taka feda ke nan, ta keken ɗinki ko ta mota.

Wannan bayanin na faɗe shi cikin numfashi kaɗan. Saninsa da yatsa shi ne ya ci mana shekaru. Baba yakan rufe mana ido da rawaninsa, ya sa hannunmu a ƙafar mai ciwo, ya ce mu faɗi wacce ce ta ɗaure. In ka ce tagwaye alhali shimfiɗa ce, ba ya duka, sai dai ya ce, "Je ka ɗebo ruwa, aikinka ke nan yau." Na ɗebo ruwa da yawa. Yaya ya riga ni ganewa. Shi ya fara nuna mini dabarar a ɓoye: ka tura tafin ƙafa sama gwiwa na miƙe, sannan ka lanƙwasa gwiwar ka sake turawa. In ciwon ya ragu da aka lanƙwasa, tagwaye ne, don sun sami sassauci. In yana nan yadda yake, ka nemi ta ƙasa.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Karan dawa da muke zaɓa bayan girbi, mu fere, mu jera da zare kamar ƙaramin asabari. Ƙyallen tsohuwar atamfa da aka wanke har ta mutu, don sabuwa tana santsi ba ta kama jiki. Man kaɗe daga matan ƙauye, wanda ba a gauraya ba. Wuƙa, almakashi, tukunyar ruwan ɗumi, da tsohuwar tayar moto, wato babur, da muke yanka faifai-faifai don sa wa a takalmi. Babban kayan aikin mutum na biyu ne. Ɗori ba ya yiwuwa da hannu biyu, sai huɗu: ɗaya ya riƙe gaɓa a inda ake so ta zauna, ba motsi ba rawa, ɗaya ya naɗe. Ni ne mai riƙo. Yaya ne mai naɗi da ƙulli. In ya ƙulla sai ya sunkuya ya tofa addu'ar da Baba ya ba shi, ran kwancewa ma ya sake tofawa. Babba ake ba wa a gidanmu. Ya sha cewa zai ba ni, amma kullum akwai mai jira a benci.

Wata mata daga ramin dutsen Pisi ita ce ta farko da aka bar ni na yi ni kaɗai. Ku da kuke wucewa ta can a kan moto kuna toshe hanci don hayaƙin tayar da ake ƙonawa a tsaga dutse, ba ku taɓa sauka ciki ba. Matan nan suna ɗauko kwanon dutse a ka daga ƙasan rami su hau da shi, da silifas a ƙafa, a kan hanyar da akuya ma sai ta yi tunani. Dunduniyarsu ba ta taɓa ƙasa sai sun kai sama. Wannan matar kan tagwayenta na ciki ne ya yage kaɗan, jini ya kwanta har idon sawu ya yi baƙi. Mijinta ya riga ya murje ta da ƙarfi da dutsen guga mai zafi kafin su zo, yana cewa jijiya ce ta hau kan jijiya. Sabon yagu ba a murza shi. Ana ɗaga ƙafa, a naɗe, a sa tudu a ƙarƙashin dunduniya, a jira. Sai zafin ya fita sannan hannu ya shiga. Na yi mata bayani da Mosanci, harshen mutanen garin nan, iyakar iyawata. Ta ce ta ji, amma wa zai ɗauko mata dutsen? Ta koma rami kafin lokaci, ta sake dawowa, muka sake farawa.

Direbobin Lome da Kwatano kuwa kumburi ke kawo su. Mun daɗe muna gani ba mu san dalili ba, sai da wani manjo, babban ma'aikacin jinya na likitar unguwa, mutumin kirki, ya zauna a bencin nan ya yi mana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce jinin da ya sauka ƙafa ba ya hawa da kansa, shimfiɗa ce ke matsa shi sama duk lokacin da aka taka. Wanda ya wuni zaune, jininsa na kwance. Ya kuma ce in sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ba faɗuwa ba bugu, kada mu kuskura mu murza, wataƙila jini ne ya daskare a ciki, in ya ɓalle ƙirji zai tafi. Tun daga ranar, irin wannan ƙafar ko mai ba ma shafa mata, likita muke turawa. Wasu su yi fushi su ce mun ƙi su. Yaya yakan ce su je da fushinsu, su dawo da ransu.

Shekarar ambaliya ita ce mafi muni da muka gani. Ruwa ya fara tun asuba bai tsaya ba, katangun laka suka yi ta zubewa a kan mutane. Zaurenmu ya faɗi, karan da muka tara duk suka jiƙe suka yi funfuna. Muka koma ƙarƙashin dogon yaro a bakin masallaci, mutane kwance a kan buhuna, muna fasa kwali da katakon akwatin tumatir muna ɗori da su. Ƙyalle ya ƙare, matan unguwa suka yayyaga zannuwansu. Babu inda za a shanya abu ya bushe, fata ta riƙa ruɓewa a ƙarƙashin ɗauri, dole muka riƙa buɗewa muna sake naɗewa fiye da ƙa'ida. A cikin rikicin nan wasu suka riƙa kwance wa junansu, wasu su tafi wurin wani mai ɗori ya sake ja, ƙashin da ya fara kamawa ya rabu. Ƙafafu da yawa sun karkace a shekarar. Dama doka ce a gidanmu cewa wanda ya ɗaura shi zai kwance, amma daga wannan shekarar Yaya ya tsananta. Ba ya barin mutum ya tashi daga tabarma sai ya kama hannunsa ya yi masa alkawari cewa wani ba zai taɓa ɗaurin ba.

Hima a taksi-moto aka kawo shi, farkon daminar nan, yana zage-zage. Bazabarme ne daga wajen Doso, kuma kun san abin da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa, ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya je ɗaukar tsakuwa a Pisi, ya diro daga kan mota, ya ji an jefe shi da dutse a bayan ƙafa har da ƙara. Ya juya ya kama faɗa da matan da ke fasa dutse, yana neman wadda ta jefe shi. Babu wadda ta jefe shi. Haka agara ke yi in ta tsinke.

Muka kwantar da shi ruf da ciki, ƙafafu na lilo a bakin benci. Yaya ya matsa sharaɓar dama, tafin ƙafa ya yi ƙasa da kansa. Ya matsa ta hagu, shiru. Na bi agarar da yatsa, na faɗa rami a inda ya kamata in ji igiya.

Hima ya ce, "Kai Bagobiri, a hankali! Kai da ko kyanwa ba ka iya karewa ba, dubi yadda ta yage maka fuska."

Na ce, "Tsagen gidanmu ne. Kai kuma ka je ka ba matan Pisi haƙuri."

Yaya bai ɗaura ba a ranar. Ya tura shi likita tukuna. Can suka ce ana iya ɗinkewa, ana kuma iya ɗaurewa a jira, kowanne da hatsarinsa. Hima ya ji maganar wuƙa ya dawo wurinmu. Na riƙe masa ƙafar yatsu na kallon ƙasa, kamar mai leƙen katanga, don bakin jijiyar biyu su kusanci juna. Yaya ya jera kara ta gaba, ya naɗe, ya ƙulla, ya tofa. Ya gaya masa tsarin: za a bar ta haka har ta kama, sannan a kwance a ɗago tafin kaɗan a sake ɗaurewa, a yi ta haka har ƙafa ta koma daidai. In an yi gaggawa ta sake tsinkewa. In an yi jinkiri tsoka ta gajarce, idon sawu ya ƙage, mutum ya ƙare rayuwarsa yana tafiya a kan yatsu. Da yake ya ga Hima ba mai zama wuri ɗaya ba ne, bai tsaya ga alkawari ba, sai da ya sa shi ya rantse.

Ana saura kaɗan a yi kwancewar farko Yaya ya rasu.

Bayan addu'ar bakwai na bi duk waɗanda ya bari da ɗauri. Kowa ya yi mini ta'aziyya ya miƙo gaɓarsa. Na bar Hima a ƙarshe don gidansa ya fi nisa, can bayan unguwa ta hanyar Pisi. Na same shi a tsakar gida a kan katifa, ƙafar bisa matashi. Matarsa Asetu, haifaffiyar Bilbalogo a tsakiyar birni, ta kawo mini ruwa. Muka yi gaisuwar rashi. Na buɗe jakata na fito da almakashi da sabon ƙyalle, sai ya janye ƙafar.

Ya ce, "Malam Idi, na rantse masa."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Na ce liman ya ce rantsuwar da ba ta da halin cikawa ta faɗi, in yana so in kawo masa liman har gida ya ji da kunnensa.

Ya ce, "Na san wannan. Tambaya ɗaya zan yi maka. Addu'ar da yake tofawa, ya ba ka?"

Da na ce e, da an gama a ranar. Babu mai ƙaryata ni a duniya. Na ce, "Bai ba ni ba."

Ya ce, "To, ka gani. Abin da aka rufe da ita, da me za a buɗe? Bari ta ƙara kamawa tukuna."

Na mayar da almakashi cikin jaka. Ba a kwance wa babban mutum ɗauri da ƙarfi, in ya fizge ƙafa a tsakiyar aiki an gama da jijiyar. Amma washegari da hantsi na hau kekena na koma. Na ce masa ba ƙullin na zo taɓawa ba, yatsu na zo motsawa, wannan ai ba ya cikin rantsuwa. Ya bari. Na motsa yatsun, na murza cinya, na murza lafiyayyar ƙafar, na sha shayinsa, na tafi. Haka na yi ta yi kowace safiya, ran ruwa da ran rana. Masu jira a zaure suka koyi zuwa da yamma. Lokacin kwancewar farko ya wuce, na biyu ma ya zo ya wuce. Ya nemo wani malami ya yi masa rubutu ya sha, ban hana ba. Ya aika ƙauyensu a tambayo ko akwai mai irin addu'ar, aka ce kowane gida da tasa. Kullum in na shigo sai ya ce, "Ga bawana ya zo aiki," ni kuma in ce Hausarsa ma ɗingishi take yi. Muna dariya, ina kallon ƙafar, ina ganin lokaci na tafiya.

Wata safiya na ce ya sa yatsansa ta saman ɗaurin. Ya sa. Na ce ya ƙara. Hannunsa duka ya shige har wuyan hannu, a wurin da Yaya ya naɗe tam ko tsinke ba ya shiga.

Ya ce, "Ƙyallen ne ya saki."

Na ce, "Ƙyallen yana nan yadda yake. Naman ne ya tafi."

Na ɗora tafin ƙafarsa ta dama a tafin hannuna, na ce ya taka kamar yana kan gangaren Pisi da lodi. Ya taka har ya kusa ture ni. Na kama hannunsa na ɗora a sharaɓar, na ce ya sake. Ya ji yadda ta taso ta yi tauri kamar ɓawon kwakwa. Na ce masa wannan ita ke tuƙa mota, ba addu'ar Yaya kaɗai ba, kuma tsokar da ba ta ja ba kullum narkewa take yi tana gajarcewa. Ta hagu yanzu ta kai rabin wannan, kuma gobe ba za ta kai ba.

Asetu tana wanki a gefe, duk tana ji. Ta yarfe hannu ta taso.

Ta ce, "Baban Nafi, ka gaya wa Baba Idi saƙon mai mota, ko ni in gaya masa?"

Ya ce ta koma ga wankinta.

Ta ce, "An ba wani motar riƙo zuwa ƙarshen damina. In damina ta wuce bai hau ba, ta zama ta wancan. Shi ne bai faɗa maka ba." Ta juya gare shi. "Malam Sule, Allah ya ji ƙansa, ba zai taso ya kwance maka ba. Ko ka bar ƙanensa ya yi, ko ni in sa almakashin ɗinki ranar da barci ya ɗauke ka, et puis c'est tout, shi ke nan."

Ya ce, "Kin ga abin da auren 'yar birni ke jawowa."

Ta ce, "Da 'yar ƙauye ce da tuni ta yanke."

Ya sake zura hannunsa cikin ɗaurin. Can ya ce, "Malam Idi, tsakaninka da Allah. In ka kwance, za ta yi?"

Na ce, "Ban sani ba. In ban kwance ba, na san ba za ta yi ba. Addu'arsa ba ni da ita. Fatiha nake da ita, da hannun da ya riƙe masa kowace ƙafa da ya taɓa ɗaurewa, har da taka."

Ya juya ya kwanta ruf da ciki da kansa. Ya ce da bakinsa cikin matashi, "Kwance, Bagobiri. In ta lalace, kai zan ɗaura wa igiya ka ja motar har Lome."

Ƙullin Yaya ne, mai kunne ɗaya da yake sokewa ta ƙarƙashi. Shi ne na ƙarshe da ya rage a garin nan. Ban sa almakashi ba, da farce na warware shi. Muka karanta Fatiha mu uku. Na nuna wa Asetu yadda za ta tallafe tafin ƙafar, na ce ko gini zai faɗo kada ta saki. Na zare ƙyallen falle-falle, na ɗauke karan. Ƙafar ta fito siririya, fatar na saɓa, da wari. Na wanke ta da ruwan ɗumi. Na bi agarar da yatsa tun daga dunduniya. Inda ramin yake a da, yanzu akwai kauri, kamar inda aka haɗa igiya biyu. Na matsa abin da ya rage na sharaɓar, tafin ƙafar ya motsa a hannun Asetu. Kaɗan ne, amma ta ji shi, ta ce, "Ya yi! Wallahi ya yi!"

Hima ya ce, "Me ya yi? Ku yi magana mana, ni ba na gani!"

Na ce masa ta kama.

Sannan na gwada ɗago tafin, na ji abin da nake tsoro. Ya ɗan taso ya tsaya cik. Na lanƙwasa gwiwa na sake, bai ƙaru ba. Shimfiɗa ta gajarce, idon sawu ya ƙage. Jinkirin ya ci nasa.

A nan ne wanda ya koya a waya zai sa ƙarfi. Gaɓa ta ƙi, sai a danna ta. Wanda ya danna wannan ƙafar a ranar, zai ji ƙarar da Hima ya ji a Pisi. Na ɗaure ta a inda ta yarda ta tsaya, na ƙulla irin nawa ƙullin. Bayan kwanaki na kwance na ƙara kaɗan. Da muka bar kara, na kai shi wurin wata kine, mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a likita, ta duba ta ce jijiyar ta haɗu da kyau, saura miƙewa. Ta nuna masa yadda zai zauna ya rataya zane a tafin ƙafa ya riƙa ja a hankali, wani lokaci gwiwa a miƙe, wani lokaci a lanƙwashe, don kowace tsoka ta sami rabonta. Na tambaye ta sunan ta saman a littafinsu, ta ce su ma tagwaye suke ce mata da Faransanci. Na yanka faifan taya na jera masa a takalmin hagu, tudu guda, don dunduniya ta sami abin takawa. In ƙafar ta saba, in zare ɗaya.

Yanzu yana zuwa zaure da kansa, da sanda ɗaya. Nakan ɗumama masa sharaɓar, in murza daga ƙasa zuwa sama, in sa shi ya dafa bango ya ɗaga dunduniya biyu tare. Da ƙafa biyu yana iyawa. Da ta hagu ita kaɗai, ko motsi ba ta yi tukuna, kuma sai ta ɗaga nauyinsa ita kaɗai zan yarda ya hau babbar mota. Na ɗora masa bulo a kan tsohuwar feda da wani makaniki ya ba mu, yana zama yana takawa yana zagin Gobirawa. Mai mota ya aiko an gani, bai ce e ba bai ce a'a ba. Ruwan sama ya fara ja da baya, dawa ta fitar da kai a bayan unguwa.

Wanda yake son taya ni a cikinku, ƙofa a buɗe take. Riƙo zai fara, kuma zai daɗe yana riƙo. Gobe da hantsi Hima zai zo. Dunduniyarsa ba ta sauka ƙasa ba har yau, saura faifai biyu a takalminsa.